Zaɓen darussa a ajin SS1: ba a fafe gora ranar tafiya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum wa rahmatullah. Sharhinmu na yau na iyaye ne da malamai da ɗaliban makarantun sakandare na karkara, musamman waɗanda suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare suke shirin shiga ajin SS1.

A lokacin rajistar JAMB da ta gabata, wato jarrabawar neman shiga jami'a da sauran manyan makarantu, na tsaya a wata cibiyar rajista da ke hedikwatar wata ƙaramar hukuma a Jihar Jigawa, inda na ga wani dattijo ya goyo 'yarsa a babur tun da sassafe daga ƙauyensu. Kuɗin rajistar a ƙulle suke cikin leda, kuma da bakinsa ya ce na riɗin da ya sayar ne ranar kasuwa. Saurayin da ke kan kwamfuta ya tambayi yarinyar abin da take son karantawa, ta ce aikin jinya. Ya karɓi takardar sakamakonta na NECO, jarrabawar kammala sakandare, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, sannan ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai ba ta yi Fiziks ba, Kemistiri ma babu." Dattijon ya ce, "To ɗana, ba an ce ta ci takwas ba?" Gaskiya ne ta ci takwas, kuma cin mai kyau, amma dukkansu darussan ajin at ne, wato ajin harsuna da tarihi da addini, ba na kimiyya ba, ga shi babu kwalejin jinya ko jami'ar da za ta ɗauke ta a wannan fanni da su. Mutumin nan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi dai bai taɓa hana ta zuwa makaranta ba, ko da ranar girbi ce.

Abin da ya same su ba a cibiyar ya faru ba, ya faru ne shekara uku kafin wannan rana, a makon farko na ajin SS1. Duk wanda ya yi sakandare a ƙauye ya san yadda abin yake kasancewa. Malami zai shigo da takarda a hannu ya ce masu son sayans su koma wancan aji, masu son at su zauna a nan, in makarantar tana da ajin kasuwanci a ware musu nasu. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai waiga ya ga inda abokinsa ya nufa, sai ya bi shi. Wani zai guje wa sayans don an tsorata shi da Lissafi, wani kuma zai faɗa ciki don a gari ana ganin ɗan sayans da daraja. A wata makarantar ma babu zaɓin, domin babu malamin Fiziks ko na Kemistiri, sai a tura kowa at ba tare da an sanar da iyaye abin da hakan yake nufi ba. Cikin minti goma an yanke hukuncin da zai bi yaro har gaban teburin ɗaukar ɗalibai na jami'a, alhali babu uba ko uwa a wurin.

Ya kamata mu fahimci ƙa'idar kamar yadda take, domin ba ta da wuyar ganewa ko ga wanda bai yi boko ba. Ɗalibi yana zana darasi takwas ko tara a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO. Sakamakon yana farawa daga A1 ya sauka har F9, kuma abin da ake kira kiredit ya tsaya ne a C6, saboda haka D7 da E8, ko da yake ba faɗuwa ba ne, ba sa shiga lissafi. Jami'a tana neman kiredit biyar, amma ba kowane biyar ba, sai biyar ɗin da suka dace da fannin da ɗalibi ya nema, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Turanci yana cikinsu a kowane fanni, Lissafi kuwa babu makawa gare shi a kimiyya da injiniyanci da harkar kuɗi. Sannan ga jarrabawar JAMB mai darasi huɗu da maki 400, wadda ake yi a kwamfuta, inda Turanci ya zama tilas, sauran ukun kuma fannin ne yake ƙayyade su, ba son ran ɗalibi ba.

Mai son likitanci ko jinya dole ne ya riƙe Fiziks da Kemistiri da Bayoloji tare da Turanci da Lissafi, kuma a likitanci jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗin sakamako biyu, sai wanda aka ci a zama ɗaya. Mai son injiniyanci ba zai rabu da Lissafi da Fiziks da Kemistiri ba. Mai son aikin akanta ko harkar banki yana buƙatar Lissafi da darasin Tattalin Arziki. Ilimin aikin gona ma, wanda mutanenmu suke ɗauka kamar gado ne da ba ya buƙatar sharaɗi, yana neman Kemistiri a jami'a. Wanda ya fi kama yaran karkara ba shiri shi ne karatun lauya, domin yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Turanci, darasin da makarantun ƙauye da dama ba sa koyarwa sam. Yaro zai shekara uku a ajin at yana faɗa wa kowa shi lauya zai zama, ya ci darasin Gwamnati, ya ci Addinin Musulunci, ya ci Hausa, sai ranar cike fom ya ji sunan darasin da bai taɓa zama ajinsa ba.

Akwai kuskure na biyu da yake kishiyar na farko, kuma a ganina ya fi yawa a yanzu. Iyaye da yawa sun ɗauka cewa sayans shi ne karatu, saura kuwa na waɗanda suka gaza ne, don haka sai a matsa wa yaro ya shiga ajin kimiyya ko da ya fi ƙarfi a harshe ko tarihi ko lissafin kasuwanci. Yaron da zai iya fita da kiredit takwas a at sai ya fita da D7 a Kemistiri da F9 a Fiziks, a makarantar da ɗakin gwajinta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, kuma bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa. Wannan yaro ya rasa kimiyyar, ya rasa at ɗin. Ƙauyukanmu suna buƙatar malamin Turanci da alƙali da ɗan jarida da akanta kamar yadda suke buƙatar likita, kuma ɗalibin makarantar Arabiyya da ya zana jarrabawar NBAIS, ta hukumar nazarin Larabci da Addinin Musulunci, yana da tasa ƙofar zuwa karatun Larabci da Addinin Musulunci a jami'a. Daraja tana ga abin da yaro zai iya ci ya wuce da shi, ba ga sunan ajin ba.

Kada kuma a yi zaton za a gyara a aji na ƙarshe. Hukumar WAEC tana karɓar makin gwajin da ɗalibi ya tara tun daga SS1 a darussan da zai zana, kuma a Kano jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnati take tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO, tana zuwa ne tun ɗalibi bai kai ga jarrabawar ƙarshe ba. Wanda ya sauya aji a makare ya bar karatun shekara biyu a baya, kuma ba a haɗiye Kemistirin shekara biyu a zango ɗaya.

Manomi ba ya jiran ruwan shuka ya sauka sannan ya fara tunanin irin da zai zuba, tun da bazara yake duba ƙasar gonarsa ya san ko ta gero ce ko ta shinkafa. Haka ya kamata uba ya yi da karatun ɗansa, wato ya fara lissafi daga ƙofar da ake son shiga ya dawo baya. Idan Jami'ar Bayero ake hari, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, ko kwalejin jinya ta Birnin Kudu, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ko ta aikin gona ta Audu Bako da ke Dambatta, kowane fanni yana da sharuɗɗansa a rubuce cikin kundin JAMB, wanda ake samu kyauta a intanet. Sharuɗɗan sukan ɗan sauya, don haka na bana ake dubawa, ba abin da yayan yaro ya tuna daga zamaninsa ba. Uban da bai iya karatun boko ba, ba a cire shi daga wannan aiki ba. Yana iya zuwa ofishin shugaban makaranta da kansa ya ce, "Malam, ɗana yana son zama kaza, waɗanne darussa ake nema, kuna koyar da su a nan, kuma wane ne malaminsu?" Idan amsar ta nuna babu malamin, gara a sani a SS1, lokacin da ake iya neman canjin makaranta ko a sauya buri da ido buɗe. Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 domin irin waɗannan yara, Jigawa ma tana da nata na maza da na mata, sai dai shigarsu da jarrabawa ce, wadda ake nema tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare.

Ga shugabannin makarantu da ma'aikatun ilimi na jihohin biyu, roƙonmu bai fi ƙarfinku ba. Kafin a raba ɗalibai zuwa azuzuwa, a kira taron iyaye da malamai, a yi bayanin nan da Hausa, a karanto darussan da kowane fanni yake nema, a kuma faɗi gaskiya game da darussan da makarantar ba ta da malamansu. A manna takardar a bangon aji, a bai wa yara mako guda su koma gida su yi shawara. A haɗa iyaye mata a cikin taron, domin su ne suka fi sanin abin da 'ya'yansu mata suke buri, kuma asibitocin ƙauyukanmu, inda mace mai naƙuda take neman mace 'yar'uwarta ta karɓi haihuwa a rasa, daga waɗannan azuzuwan SS1 za a samo ma'aikatansu.

Yarinyar da na ba ku labari ba ta yi rajistar ba a ranar. Saurayin ya yi wa mahaifinta bayanin cewa tana iya zana Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar 'yan waje da ake yi a ƙarshen shekara, ta haɗa da Turanci da Lissafin da ta riga ta ci, tun da ana karɓar zama biyu a aikin jinya. Sai dai za ta fara darussan daga tushe, ba aji, ba ɗakin gwaji, kuma malamin da zai koya mata yana gari mai nisa da ƙauyensu. Dattijon ya mayar da kuɗin riɗinsa cikin leda, ya tambayi nawa malamin zai karɓa a wata, sannan ya ce da 'yarsa ta hau su tafi, tun rana ba ta yi zafi ba.