Alƙalanci cikin ruwan Legas: yadda ake kula da ƙwallo

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu busa usur, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da duk inda ake buga gasar unguwa. Kun san halin daminar garin nan: daga Afrilu ake farawa, Yuni da Yuli kuwa sai dai haƙuri. Hadari ya haɗo daga wajen teku, kafin ka gama duba sunayen 'yan wasa an tsuge. Yau maganar ƙwallo za mu yi, domin a irin wannan rana ita ce abu na farko da ke kuɓuce wa alƙali.

Doka ta biyu cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta ce nauyin ƙwallo ya kasance tsakanin giram 410 da 450, amma ku lura da kyau, a farkon wasa aka ce. Waɗanda suka tsara dokar sun san ƙwallo na shan ruwa. Ta fata irin ta da, in ta jiƙe, sai ka ji kamar dutse ka sa wa kai. A gasar cin kofin duniya, sai a 1986 a Meziko aka fara buga ƙwallon da babu fata a jikinta, a 2006 kuma a Jamus aka zo da wadda aka manne da zafi maimakon ɗinki. FIFA ma kafin ta sa tambarinta sai an juya ƙwallo ana matsa ta cikin ruwa sau 250, a auna abin da ta sha.

To mu a nan ba irin wannan muke samu ba. Ku dubi wadda ke hannuna. Ɗinkin hannu ce, ta kasuwa, ta sha filin rairayi har fatar ta fara tashi. Ta waɗannan ramukan zare ruwa ke shiga ya zauna. Goge bayanta ba ya fitar da wanda ya riga ya shige ciki. Shi ya sa nake cewa ƙwallo ɗaya ba ta isa wasan damina. Ka nemi uku tun kafin a fara, ko da aro ne daga ƙungiyoyin biyu. Ka duba iskar kowacce da kanka, ka sa ɗaya a fili, biyu cikin babbar leda ko buhun shinkafa mai leda a ciki, a ɗaure baki, a ɗora a kan benci, kada a ajiye a ƙasa. Ka samu yaro guda mai hankali ka damƙa masa su da tawul biyu, ɗaya na share taɓo, ɗaya na busarwa, shi ma na busarwar a ɓoye shi cikin ledar. Kuma ka gaya wa kowa: ba a canza ƙwallo sai da izinin alƙali, haka dokar ta ce. Ka canza lokacin da wasa ya tsaya, bayan an ci, ko ana duba wanda ya ji rauni, ko a hutun rabin lokaci.

Maganar tawul ɗin nan ta taɓa ƙona ni. Wata Lahadi ina busa wasan kusa da na ƙarshe, ana yayyafi mai naci. Wani mai dogon jifa, duk sanda ƙwallo ta fita, sai ɗan'uwansa ya miƙo masa tsumma daga bakin layi ya goge ta tas. Ɗaya ɓangaren ba su da komai sai rigunansu da suka jiƙe sharkaf. Na gani, na ƙyale. Daga irin wannan jifar aka ci su, kuma wallahi har yau ina jin muryar kyaftin ɗinsu yana cewa, "Malam, mu ba mutane ba ne?" Gaskiyarsa. Ko a Ingila an sha rigima a kan haka tun zamanin Rory Delap, mai dogon jifa na Stoke City, har a 2023 hukumar EFL, mai shirya gasannin da ke ƙasa da Firimiya, ta hana goge ƙwallo da tawul kafin jifa a wasanninta. Don haka ka kira kyaftin biyu tun wajen jefa kwabo, ku yanke: ko tawul na kowa, ko babu na kowa. Wanda kuma ya mai da goge-goge hanyar cin lokaci, ka ja masa kunne sau ɗaya, na biyu ka ɗaga masa kati.

Kafin ka busa farawa, ɗauki ƙwallon ka zaga da ita. Ka sake ta daga sama a tsakiya da gaban kowace raga, ka gangara ta a ƙasa. In ta faɗi ta yi zamanta, ko kududdufi ya riƙe ta, filin bai buguwa, ko nawa aka kashe wajen haɗa wasan. A ciyawar roba irin ta filin Agege matsalar dabam ce, can gudu ƙwallo ke ƙarawa, sai ka faɗakar da masu tsaron gida. Da zarar ka ga walƙiya ka ji tsawa, ka busa kowa ya fita, kuma kada a fake gindin bishiya.

In an tashi, a wanke taɓon da ruwa, a goge, a bar su su sha iska a inuwa. Kada wani ya kai su kusa da wutar mai tsire ko bayan janareto wai don su bushe da wuri, zafi yana fasa fatar ya saki ɗinkin.