Tambayoyin "wanne ne dole ya zama gaskiya" a jarrabawar LSAT

Assalamu alaikum, 'yan uwa ɗalibai. Yau za mu tsaya kan nau'in tambaya guda ɗaya a jarrabawar LSAT, wadda ake zaunawa don shiga makarantun koyon shari'a a Amurka da Kanada. A can ba a fara karatun lauya daga sakandare kamar yadda ake yi a Najeriya. Sai mutum ya gama digirinsa na farko, sannan ya nemi digirin lauya na shekara uku da ake kira JD. Hukumar LSAC, ta makarantun koyon shari'a, ce ke shirya jarrabawar, wadda aka fara yi a 1948, maki kuma yana tashi daga 120 zuwa 180. Tun watan Agustan 2024 aka cire sashen wasannin lissafin tunani, don haka yanzu sassa biyu cikin uku da ake ba wa maki duk na auna hujja ne. Kowane sashe minti 35 ne, tambayoyi wajen 25, kowace da amsoshi biyar. Kun ga ba ka da cikakken minti ɗaya da rabi a kan tambaya.

To, ga yadda tambayar take. Za a ba ka ɗan gajeren bayani, a ce ka ɗauka duk abin da ke ciki gaskiya ne, sannan a tambaye ka wanne daga cikin amsoshin nan dole ya zama gaskiya. Ba a nemi ra'ayinka ba, abin da ka sani a waje kuma ka ajiye shi. Ko da bayanin ya ce rana daga yamma take fitowa, a cikin wannan mintin haka take fitowa.

Bari in ba ku misali, ni na ƙirƙira shi. "Duk ɗalibin da ya samu tallafin karatu ya ci jarrabawar shiga. Wasu daga cikin waɗanda suka samu tallafin 'yan ƙauye ne." Ku rubuta shi.

Amsa ta farko ta ce duk wanda ya ci jarrabawa ya samu tallafi. Na ga hannuwa sun ɗaga. Ku sauke su. An juya maganar ne baya. Mutum na iya cin jarrabawa ya tafi gida hannu rabbana, bayanin bai hana haka ba. Waɗanda suka yi karatun fiƙihu a cikinku sun san wannan tun suna yara: alwala sharaɗin salla ce, babu salla sai da ita, amma ganin mutum da alwala ba ya nuna ya yi salla. Cin jarrabawa a nan shi ne alwalar. Wannan kuskure guda, na ɗaukar sharaɗi a matsayin abin da ya wadatar, shi ya fi kowane kayar da mutane, kuma yana ba ni takaici domin masu kaifin basira ma suna faɗawa ciki saboda gaggawa.

Amsa ta biyu ta ce wanda bai samu tallafi ba bai ci jarrabawa ba. Wannan ƙanin na farko ne, kore aka sa masa kawai. Juyin da ya halatta guda ɗaya ne: ka juya kuma ka kore gaba ɗaya. Wanda bai ci jarrabawa ba, tabbas bai samu tallafi ba.

Amsa ta uku ta ce yawancin 'yan ƙauye sun ci jarrabawa. Daga ina "yawanci" ya fito? Bayanin "wasu" ya ce, kuma a wannan jarrabawa "wasu" na iya zama mutum ɗaya tak, na iya zama kowa da kowa. Amsar da ta tsira ita ce mafi ƙanƙanta: aƙalla ɗan ƙauye ɗaya ya ci jarrabawar shiga. Ba ta burge kowa, amma babu yadda za a yi ta zama ƙarya. Ga gwajin da nake so ku riƙa yi wa kowace amsa: zan iya zana yanayin da bayanin yake gaskiya, wannan amsar kuma ƙarya? In ka iya, soke ta.

Malama a baya tana tambaya, shin "yawanci" ba ya taɓa haifar da tabbas? Yana haifarwa, malama, tambayarki ta yi kyau. A ce aji na da mutum 100. Yawancinsu suna jin Faransanci, wato aƙalla 51. Yawancinsu kuma suna jin Larabci, aƙalla 51. In kin haɗa, 102 ke nan, ajin kuwa 100 ne. Dole a samu wanda ke jin duka biyun. Amma da an ce wasu suna jin Faransanci, wasu suna jin Larabci, ba za ki iya cewa komai ba, domin mai yiwuwa ba su taɓa haɗuwa a kan mutum ɗaya ba.

Abu na ƙarshe kafin mu tashi salla, ba a rage maki in ka ba da amsar da ba daidai ba, don haka kada ku bar gurbi ko ɗaya babu amsa. Takardar da aka raba muku tana da tambayoyi goma. A gefen kowace amsar da kuka soke, ku rubuta yanayin da ya ƙaryata ta, ku zo da ita ranar Asabar mu duba tare.