Harsashi Kafin Zane: Abin da Ya Faru a Ginin Gidan Wasan Sidni

Masu kallo, assalamu alaikum. Wannan gini da kuke gani a bakin teku, mai farin rufi kamar ɓarin ƙwarya da aka jingina da juna, shi ne gidan wasan opera (wato wasan kwaikwayo da ake yi cikin waƙa) na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya. Za mu bi tarihin gininsa ne domin mu fahimci abin da rashin kammala shiri yake jawo wa babban aiki.

A shekarar 1957, wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Danmak, Jørn Utzon, ya lashe gasar zanen wannan gida. Zanen nasa ya burge alƙalai, amma a lokacin babu injiniyan da ya san yadda za a gina wannan rufi ya tsaya da ƙafarsa. Duk da haka, gwamnatin jihar New South Wales ƙarƙashin Joseph Cahill ta matsa lamba aka fara aiki a watan Maris na 1959, saboda tana tsoron kada ra'ayin jama'a ya juya kafin a sa hannu. An ƙiyasta kashe kimanin dalar Ostireliya miliyan 7, kuma an sa ran buɗe gidan a 1963.

A nan ne matsalar ta samo asali. An zuba harsashi da ginshiƙai alhali ba a san nauyin abin da za su ɗauka ba. Sai a 1961 Utzon da injiniyoyinsa suka gano mafita, wato a fitar da kowane ɓangare na rufin daga siffar ƙwallo guda, kamar yadda ake yanko ɓari-ɓari daga ƙwarya ɗaya, ta yadda za a riƙa zuba su a mazubi iri ɗaya. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai ta zo a makare, domin ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su iya ɗaukar rufin ba, dole aka sake su.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gini ya san wannan ciwo. Mai gida ya sa birkila ya haƙa harsashin gida na ƙasa, bulo ya kai linta, sannan ya ce yana son bene. Da ya faɗi haka tun zane yana kan takarda, da fensir da abin gogewa sun wadatar. Yanzu kuwa sai an fasa kankare, an sake sayen rodi da siminti, an biya lebura kuɗin rushewa da na sake ginawa. Shi ya sa masu kula da ayyuka suke dagewa a tantance abin da ake so, a lissafa kuɗi da lokaci, a kuma san wane mataki ne yake jiran wane, kafin a kawo tifar yashi ta farko. A ganina, cikin waɗannan babu wanda ya kai tantance buƙata muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A Sidni ma hakan ta faru: daga baya aka sauya shawara, babban zauren da aka tsara domin opera da kiɗe-kiɗe ya koma na kiɗe-kiɗe kaɗai, aka ciro injinan dandamali da aka riga aka kashe wa kuɗi. Sai a watan Oktoba na 1973 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe gidan, bayan an kashe dala miliyan 102. Shi kuwa Utzon, tun a 1966 ya ajiye aikin bayan saɓani da sabuwar gwamnati a kan kuɗi, ya bar ƙasar, kuma har ya rasu a 2008 bai koma ya ga ginin da idonsa ba.