Ina Kuɗin Sutura Da Kwalliya Suke Tafiya?

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan kuka tambayi magidanci nawa yake biyan kuɗin haya a shekara, nan take zai faɗa muku, haka nan uwargida ta san kuɗin makarantar 'ya'yanta har da na littattafai. Amma da wuya ku sami wanda zai iya faɗin abin da ya kashe bara a kan ɗinki da turare da takalma da 'yan kayan kwaɗayi, domin kuɗi ne da suke fita a rarrabe, yau kaɗan gobe kaɗan, kuma kowane ɗaya yana da dalilinsa a ranar da aka fitar da shi. A wannan bidiyo za mu bi sawun waɗannan kuɗaɗe, mu ga inda suke tafiya.

Mu fara daga Kantin Kwari a Kano, kasuwar da 'yan Maiduguri da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru suke zuwa sarin yadi. Mafi yawan kayan da ke cikin shagunan nan daga waje ake shigo da su. Shaddar Getzner da maza suke ji da ita, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, a wani kamfani da aka kafa tun 1818. Atamfar Holan da Sufa kuwa daga kamfanin Vlisco suke fitowa, wanda yake garin Helmond tun 1846, sauran atamfofi da lesuka da yadudduka masu sauƙin kuɗi kuma galibi daga Sin ake kawo su. Akwai lokacin da masaƙun unguwar Kakuri a Kaduna suke tufatar da Arewa, tun daga masaƙar farko da ta fara aiki a 1957, amma yawancinsu sun daɗe da rufewa. Saboda haka farashin rigar da ke jikinmu a ɗaure yake da farashin dala. Lokacin da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, wato ta bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024, sai kuɗin turmin atamfa da yadin shadda suka bi ta. A shekarar ne kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuɗin da ba zai sayi yadi biyar na shadda mai daraja ta ɗaya ba. Wanda ya zo daga Jamhuriyar Nijar da sefa a aljihunsa ya ɗan sami sauƙi, tun da kuɗinsa a jingine yake da yuro, amma mai karɓar albashi da naira shi ne ya ji a jikinsa.

Sai dai kuɗin yadi shi ne farkon lissafi kawai. Namijin da ya sayi shadda zai kai ta wa tela, sannan ya zaɓi aikin da za a yi wa wuya, na hannu ko na kwamfuta, kuma sau da yawa kuɗin aikin babbar riga yakan kusa kamo kuɗin yadin kansa. Daga nan sai hular da za ta dace da kayan, wataƙila zanna ko 'yar Bama, sai takalmi, sai turare. Bayan an sa kayan an cire, shadda ba ta son wankin gida, sai an kai ta wurin mai wanki da guga, wani lokaci har wurin masu bugu don ƙyallinta ya dawo, ita ma hular mai wankinta daban. A ɓangaren mata abin ya fi tsawo, domin bayan turmi da ɗinki akwai shafi da duwatsun ado, akwai mayafin da launinsa zai hau da kayan, da jaka, da takalmi, idan fitar biki ce kuma a ƙara da mai kwalliya da mai lalle da mai ɗaura ɗankwali. Mutum yakan ce ya sayi kaya na naira dubu talatin, alhali kafin kayan su hau jikinsa ya kashe ninkin haka, kuma adadin farkon ne kaɗai yake zauna masa a ka.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta auna tsadar sutura, wato a raba jimillar abin da aka kashe a kan yawan lokutan da aka sa ta. Mu ƙaddara wani ya kashe naira 120,000 a kan shadda mai kyau har da ɗinki, yana sa ta ranar Juma'a da wurin ɗaurin aure da suna, har ta yi masa fita sittin cikin shekara uku. Kowace fita ta tsaya masa a naira 2,000. Mu ƙaddara kuma wata ta kashe naira 45,000 a kan ankon biki da ɗinkinsa, ta sa shi ranar bikin, ta sake sa shi sau ɗaya, daga nan ya shige ƙasan akwati. Ita kowace fita ta ci mata naira 22,500. A idon jama'a mai shadda shi ne ya yi facaka, amma a lissafi kayan mai anko sun ninka nasa tsada fiye da sau goma.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba anko da kyau, domin a ganina babu ƙofar da kuɗin sutura suke zurarewa ta cikinta kamar wannan. Al'ada ce da ta daɗe a wurin Yarabawa, ta kuma zauna daram a bukukuwanmu. Inda a da yadi ɗaya ake fitarwa don 'yan uwa na kusa, yanzu biki ɗaya yana iya ɗaukar ankon kamu, da na dina, da na walima ko yinin biki, kuma ƙawayen amarya suna da nasu, dangin uwa da nasu, abokan ango ma suna da yadi da hula. Abin da ya bambanta anko da sauran sutura shi ne ba mai saye ne yake zaɓen launi ko farashi ko lokacin saye ba. Wani ne ya zaɓa, ya tura hoto a zauren WhatsApp, ya sa lambar asusu da ranar rufe karɓar kuɗi, wani lokaci ma da ɗan abin da aka ɗora a kan ainihin farashin don rage wa masu biki nauyi. Sannan ɗinkin da ake yi masa na fitar dare ne, mai wuyar sakewa a rana ta yau da kullum, ga shi duk wanda ya halarci bikin ya san yadin, hotuna kuma sun zaga Instagram da TikTok, sai mai kayan ta ji nauyin sake fita da su.

Ba daidai ba ne a ce duk mai yin anko son a sani ne yake damun ta. Biki a wurinmu bashi ne da ake biya, wadda ta yi miki kara a bikin ƙanwarki tana sa ran ganin ki cikin ankon 'yarta, kuma rashin yi yana iya zama abin magana a dangi na tsawon shekaru. Wannan kuɗi ya fi kama da gudummawa fiye da sayen tufafi, kuma da an ɗauke shi a haka da an yi masa kasafi kamar yadda ake ware kuɗin zumunci. Matsalar ita ce ana shigar da shi a lissafin "ai na sami sabon kaya", alhali kayan ba su rage buƙatar suturar zuwa aiki ko makaranta ko kasuwa ba. Wadda take da bukukuwa shida a shekara, musamman a watannin da ake rububin aure gabanin azumi da bayan sallah, tana iya cika durowa da kaya amma ta rasa abin da za ta sa ranar Litinin. Nauyin gyara a nan ya fi rataya a wuyan masu fitar da anko, domin su ne za su iya tsayawa a kan yadi ɗaya mai sauƙin kuɗi, ko su faɗi launi kawai kowa ya zo da abin da yake da shi, kamar yadda wasu gidaje suka fara yi.

Kayan sallah kuwa ba su da wannan uzuri na zuwa ba zato, tun da kowa ya san da zuwan sallah tun shekara guda kafin ta zo. Duk da haka yawancinmu sai azumi ya yi nisa muke shiga kasuwa, lokacin da cunkoso ya hana ciniki a natse, teloli kuma sun cika da aiki, sun ƙara kuɗi ko sun daina karɓa. Yadin da aka saya a Rajab aka kai ɗinki a Sha'aban shi ne dai yadin da za a sa ranar idi, illa dai mai shi ya tsira daga kuɗin gaggawa da zaryar shagon tela a daren sallah.

Addini bai hana ado ba, kuma yana da kyau a faɗi haka don kada a ɗauka muna kira ne a koma tsumma. A aya ta 31 ta Suratul A'araf, Allah ya umarci 'yan Adam su riƙi adonsu a wurin kowane masallaci, kuma a cikin ayar ce dai ya ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna. Ma'aunin kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, abin da yake daidai ga mai shago a Kwari yana iya zama ɓarna ga malamin firamare, shi ya sa Hausawa suke cewa daidai ruwa daidai tsaki.

Idan muka koma kan kayan gyaran jiki, a nan abin da yake cin kuɗi shi ne maimaituwa. Humra da turaren wuta irin na Barno, da dilka da halawa da suka zo mana ta hanyar Chadi da Sudan, da kitso da wankin kai da lalle, kowanne yana ƙarewa ko ya goge a sake. Mafi tsada a cikinsu duka shi ne man canza launin fata, domin wanda ya fara yakan ji tsoron dainawa kada fatar ta koma ta fi da duhu, sai ya zama yana biyan kuɗi kowane wata ba ranar gamawa. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka, musamman na haɗi da ake sayarwa a robobi ba tare da rubutun abin da ke ciki ba, suna ɗauke da sinadarai masu sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, wasu kuma akwai makuri a cikinsu, wani sinadari mai guba wanda yake lahanta ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma, kuma kuɗin asibitin da yake biyo baya ba ya cikin abin da mai sayen man take lissafawa.

Sai 'yan ƙananan abubuwan daɗin baki da na hira, tsire da yamma, shawarma, yogot mai sanyi, lemon kwalba, da data don kallon bidiyo irin wannan. Babu wanda zai kira naira 1,500 babban kuɗi a yau, amma wanda yake kashe ta kullum ya fitar da naira 45,000 a wata, kusan kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi, a shekara kuma naira 547,500. Abin da ya ƙara ɓoye irin wannan kashewa shi ne yadda muka koma biya ta waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, mai shayi da mai nama da mai kanti duk sun buɗe asusun OPay ko Moniepoint. Mai ƙirga takardu da hannunsa yana ganin aljihu yana raguwa, mai danna waya kuwa lambobi kawai yake gani. Wasu masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2001, inda suka sa ɗalibai su yi tayin tikitin kallon ƙwallon kwando, sai waɗanda aka ce za su biya da katin bashi suka yi tayin kusan ninki biyu na waɗanda za su biya da tsabar kuɗi. Amfanin da ke cikin biya ta waya shi ne komai a rubuce yake, duk wanda ya buɗe tarihin asusunsa na wata ɗaya ya tara abin da ya tura wa mai tsire da mai data zai ga ainihin adadin da kansa.

Bashin kaya ma yana aiki a kan wannan rauni. Dillaliyar da take shigo da atamfa da mayafai har cikin gida, ko mai sayarwa ta intanet da take cewa a biya sau uku, ta riga ta ɗora ribar jira a kan farashin, kuma mai saye tana duba abin da za ta bayar a wannan wata ne, ba jimillar ba. Adashi ya fi wannan sauƙi, domin babu ƙari a cikinsa, sai dai ranar kwasa ce take nuna inda aka dosa. Iyayenmu mata da yawa idan suka kwashi adashi ɗan kunne ko zobe na gwal suke saya, su yi ado da shi, ranar da buƙata ta taso kuma su kai kasuwa a auna a ba su kuɗi. Gwal yana hawa yana sauka, kuma mai sayarwa takan yi asarar kuɗin ƙira, amma a watan Maris na 2025 farashinsa a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 a kan kowane oza a karon farko, ga kuma faɗuwar naira da ta ƙara masa daraja a gida. Turmin Sufa da ba a yanka ba shi ma yana riƙe wani abu na darajarsa, ana iya sayar da shi ko a sa shi a lefen ɗa ko ƙane. Da zarar almakashin tela ya shiga yadi kuwa, farashinsa ya koma na kayan gwanjo, kuma a kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai a Kano ba a tambayar nawa aka biya kuɗin ɗinki.