Amsoshin Tambayoyinku: Saɓanin masu rajin haƙƙin mata kan yarda da iko a shimfiɗa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Batunmu na yau na manya ne, saboda haka muna roƙon iyaye su ɗan sallami yara.

Wasiƙu da yawa sun zo mana a kan abu guda, amma wata malamar makaranta daga Maraɗi ce ta fi tsara tambayar. Ta ce ta ji cewa a ƙasashen Yamma akwai masu haɗa mu'amalar shimfiɗa da ɗaure juna, ko mari, ko wani ya zama mai umarni ɗayan mai biyayya, duk da yardarsu, kuma masu rajin haƙƙin mata sun rabu biyu a kan lamarin. Me ya raba su? Malama, takarda uku kika cika, da alama ɗalibanki ba sa samun sassauci wajen rubutu.

Rigimar ta yi ƙamari ne a Amurka. A 1978 wasu 'yan maɗigo, cikinsu har da masaniya Gayle Rubin, suka kafa ƙungiyar Samois a San Francisco, suna cewa baligar mace tana da ikon zaɓar abin da take so da jikinta. Ɗaya ɓangaren ya ce wannan kwaikwayon dangantakar ubangida da bawa ne, kuma danniyar maza ce ta koya wa mata sha'awarsa. A watan Afrilun 1982, a wani taro kan mata da sha'awa a Kwalejin Barnard da ke New York, 'yan ƙungiyar mata masu yaƙi da finafinan batsa suka tsaya a ƙofa suna raba takardun sukar mahalarta. Muna tare da wata malamar jami'a, masaniyar zamantakewa. Dakta, mene ne ainihin saɓanin?

"To, ai sai an koma kan lauya Catharine MacKinnon da marubuciya Andrea Dworkin, jiga-jigan ɓangaren masu yaƙi da batsa. Su ne a 1983 suka tsara wa birnin Minneapolis dokar da za ta ba mace damar kai masu sana'ar batsa ƙara, magajin gari ya ƙi sa hannu, Indianapolis ta karɓe ta a 1984, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a 1985 saboda 'yancin faɗar albarkacin baki. Shi kuwa tsarin mulkin Amurka, idan aka bi tarihinsa..."

Dakta, a gafarce ni, lokaci yana ƙure mana, kuma malamar Maraɗi a kan yarda ta yi tambaya.

"Haka ne. Ɓangaren MacKinnon yana ganin yardar da aka bayar inda ɗaya ya fi ɗaya kuɗi da ƙarfi da matsayi ba cikakkiya ba ce, domin mace kan ce ta amince don tsoron a rabu da ita. Ɓangaren Rubin kuma yana cewa duk wanda ya gaya wa baligar mace cewa ba ta san abin da take so ba, shi ma ya ƙwace mata murya, kamar yadda mazan da ake zargi suke yi. Sun ƙara da cewa masu wannan ɗabi'a kan shata iyaka tun kafin a fara, su ajiye kalmar da ke tsayar da komai nan take."

Bari in maimaita domin waɗanda suka kama mu a tsakiya. Wasu na tambayar daga ina sha'awar ta samo asali, kuma wa take yi wa amfani. Wasu na tambayar wa ke da hurumin yanke wa mace hukunci a kan jikinta. A nawa ra'ayin, hujjar ɓangaren MacKinnon ta fi nauyi a duk inda mace ba za ta iya cewa a'a ba tare da ta rasa abinci ko matsuguni ba, amma ban yarda a mayar da kowace mace marar wayo ba.

Wani ɗalibin shari'a daga Kumasi ya tambaya ko yarda tana wanke mutum a kotu. A Ingila ba ta wankewa idan an ji rauni: a 1993 alƙalan Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, uku a kan biyu, suka tabbatar da hukuncin da aka yanke wa wasu maza duk da cewa abokan harkarsu sun amince. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta rubuta hakan ƙarara, bayan mata sun yi ta kokawa da yadda waɗanda suka kashe mata ke fakewa da cewa wasa ne ya ɓaci, kuma ta mayar da shaƙe wuya laifi mai zaman kansa, domin yana iya kisa ko ya taɓa ƙwaƙwalwa ko da bai bar tabo ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Garwa ta ce, shin sha'awar wannan lamari ciwon ƙwaƙwalwa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, matuƙar da yarda kuma babu cutarwa, sai dai wannan hukuncin likitoci ne, addini da al'ada suna da nasu.

Ɗan'uwanmu daga Kaduna da ya cika wasiƙarsa da zagin mata masu wannan muhawara, Malam, ka sake rubutowa da tambaya cikin ladabi, za mu amsa maka. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.