Tsuntsayen Amurum: mai ƙetare Sahara da wanda ba ya barin dutse

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mutanen Jos ina gaisuwa, ya sanyi? Muryar nan da kuke ji daga ɗakina nake ɗora ta a Famagusta, tsibirin Saifurus, amma duk abin da za ku gani a allo a gida muka ɗauke shi lokacin hutun Disamba. Autanmu ne ya riƙe kyamara, don haka in kun ga hoto yana rawa kun san wanda za ku tuhuma.

Da yawanku kun ce in kai ku Wildlife Park ku ga zaki. Wurin nan tun 1972 yake, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, kuma da wuya a samu ɗan Jos da ba a taɓa kai shi yawon Sallah can ba. Ban raina shi ba. Sai dai zakin keji akwai shi a Kano, akwai shi a Landan. Abin da zan nuna muku yau, in ka cire tsaunukan Filato da wasu duwatsun arewacin Najeriya har zuwa tsaunin Mandara a iyakar Kamaru, babu inda za ka same shi a duniya. Ɗan tsuntsu ne, nauyinsa kuma kamar giram 10 ne kawai.

Ga mu nan a mota bayan sallar asuba, Kawu ke tuƙi. Mun bi ta Lamingo, muka wuce asibitin koyarwa, muka miƙa gabas. Ƙauyen da muka nufa Laminga ne, a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kamar kilomita 15 daga cikin gari. Ku ji abin da Kawu yake faɗa a nan: "Kai yaro, ka baro Turai ka zo ka tashe ni da duku-duku don kallon tsuntsu? Tsuntsun da za a soya ma da sauƙi." Na ce masa, "Kawu, ka dai yi haƙuri mu isa."

Wannan dajin da kuke hange tsakanin duwatsu shi ne Amurum. Bai da girma, hekta 300 ne ko kusa da haka, amma an ƙirga tsuntsaye iri fiye da 300 a cikinsa. A gindin dutsen akwai cibiyar binciken tsuntsaye da ake kira APLORI. An kafa ta a 2001 bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos, da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya wato NCF, da mutanen Laminga masu ƙasar. Kuɗin kuwa daga A. P. Leventis ya fito. Dattawa sun san sunan, su ne masu kantin Leventis na da, kuma asalin gidansu daga tsibirin nan ne da nake zaune. Ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma su yi digiri na biyu a wurin. Ni kuwa da aka haifa a Anguwar Rogo, sai a Saifurus na fara jin labarinsa, a bakin wani malaminmu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekarar da aka kafa cibiyar ita ce shekarar rikicin Jos na watan Satumba, kuma mu da muka tashi bayansa an koya mana unguwannin da ake shiga da waɗanda ba a shiga. Daji da ƙauyukan bayan gari duk suka faɗa cikin na biyun. Da muka sauka daga mota, da Hausa aka tarbe mu, da Hausa aka yi mana jagora har muka bar wurin.

To, ku dubi ragar nan. Siririya ce har ba ka ganinta sai ka matso, ana ɗaure ta tsakanin sanduna biyu tun kafin gari ya waye. Tsuntsu ya faɗa, a ciro shi a hankali, a auna fiffikensa, a ɗora shi a sikeli, a hura gashin ƙirjinsa a ga yawan kitsen da ya tara, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Duk cikin 'yan mintoci. Auta ya tambayi malamin da ke aikin, "Yallaɓai, ba ya jin ciwo?" Ya ce masa zoben ba ya hana shi komai, amma duk wanda aka sake kama shi, ko a Jos ko a wata ƙasa, lambar za ta faɗi inda ya fito.

Bari in tsayar da hoton a nan. Kun ga wannan mai ruwan ƙasa da farar gira, wanda ya sauka a kan karan dawa a gonar da ke bakin dajin? Turawa na ce masa wincat. Wallahi irinsa mun sha harbi da danƙo muna yara, ko kallo bai ishe mu ba. Baƙo ne. Yana isowa wajen Satumba, ya yi rani da mu, ya tashi wajen Afrilu. Masu bincike daga Jami'ar St Andrews ta Sikotilan tare da na cibiyar nan sun goya wa wasunsu 'yar na'urar da ba ta kai giram 1 ba, mai lura da lokacin fitowar rana da faɗuwarta. Da tsuntsayen suka dawo aka cire na'urar, sai aka gano cewa a gabashin Turai suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe. Ke nan abin da bai kai giram 20 ba yana ƙetare Sahara, fiye da kilomita 1,500 na yashi, ya ƙetare Bahar Rum, sau biyu a shekara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wanda ya tsira ya dawo, ba Jos kawai yake dawowa ba, gonar da ya bari bara ita yake nema. Shi ya sa ake duba kitsen nan: da shi suke tafiya, kuma a makonnin ƙarshe kafin tashi ba abin da suke yi sai ci.

A nan ne Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe fatake ne." Daga nan bai ƙara maganar suya ba.

Tunda an ambaci suya, bari in ba ku labarin nan inda nake. Saifurus tana kan hanyar tsuntsaye masu ƙaura, kuma a kaka ana kama su da raga da sandunan da aka shafa wa gam. Da dare a kunna lasifika mai kukan tsuntsu, masu wucewa a sama su sauko, da safe a kwashe su. A ɓoye ake sayar da su a gidajen abinci, ana kiran abincin ambelofuliya, kuma da tsada. Doka ta hana tun 1974, amma a kakar 2016 kaɗai ƙungiyoyin kare tsuntsaye sun ƙiyasta an kashe fiye da 800,000 a yankin sansanin sojan Birtaniya na Dekeliya, nan kusa da mu. An matsa musu daga baya, abin ya ragu, amma bai mutu ba. Yawancin masu bi ta nan gabashin Afirka suka nufa, ba Jos ba, amma dai irin tafiyar ce. Na kawo maganar ne saboda masu cewa Bature ne kaɗai ya san darajar tsuntsu, mu kuwa sai ɓarna. Yaron da ke harbi da danƙo a Gangare, ko ya shekara yana yi, ba zai kama ƙafar mai lasifika ɗaya ba.

Yanzu ga wanda muka zo dominsa. Sai da muka hau dutse, muka zauna kusa da wani ɗan ruwa da ya rage a kwari, muka yi tsit. Ga shi can. Ja ne kamar gauta, har gadon bayansa ja, kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi. Yana da 'yan'uwa da kuka sani, jajayen 'yan tsuntsayen nan masu tsintar tsaki a tsakar gida, amma shi ba ya zuwa gida, tsakanin duwatsu masu ciyawa da ƙananan itatuwa yake rayuwa. Sunansa na kimiyya Lagonosticta sanguinodorsalis, kuma sai a 1998 masana suka san da shi a matsayin iri na daban. Yadda aka gano shi ɗin ne labarin.

Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, dangin zalaidu, wanda ba ya yin sheƙa. Macen tana zuwa ta saka ƙwanta a sheƙar wani, mai sheƙar ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar tare da nasa 'ya'yan. Yawancin ire-iren dangin, kowanne yana da gidan da yake kai wa reno. Ɗan da aka ƙyanƙyashe, zanen cikin bakinsa iri ɗaya ne da na 'ya'yan gidan, don kada uwar riƙo ta gane. In namiji ne, kukan uban riƙonsa yake koya, da shi zai yi zawarci in ya girma, macen kuma sai mai kukan gidan da ya rene ta take kulawa. To, wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya saurari baƙin tsuntsun Filato, ya ji yana kwaikwayon kukan da bai dace da na kowane jan tsuntsu da aka sani ba. Ya ce lallai akwai mai wannan kuka. Aka bi sawu, aka same shi a duwatsun nan. Mai kai reno ne ya tona inda mai gida yake. Sai dai kuma ƙaddararsu ɗaya ce: ranar da ja ya ƙare, baƙin ba shi da inda zai kai ƙwai.

Da na tambayi malamin wanne ya fi ba shi tsoro, baƙon Turai ko ɗan gida, bai yi dogon tunani ba. Wincat yana iya zama a gona muddin an bar masa 'yan kututture da ciyayin da zai sauka a kai, manomi bai dame shi ba. Jan kuwa dutse yake so da sarƙaƙiyarsa, kuma ba ya ƙaura. Ku dubi abin da Auta ya ɗauko a wajen iyakar dajin. Nan masu fasa dutse ne, tifa na jiran lodi. Can kuma itace ne aka sare aka tara a bakin hanya. Ƙasar Filato ta riga ta sha haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, ramukan na nan cike da ruwa kowa na gani, yanzu kuma gari na ta cin duwatsu yana matsowa. Tsakanin cikin Amurum da wajensa, ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

Amma ba zan zauna a Turai in zagi matar da ke sarar itace ba. A gidanmu ma da gawayi ake girki duk sanda gas ya yi tsada, kuma gawayin daga daji irin wannan yake fitowa. Duk wanda ya gina gida a Jos, tsakuwarsa daga wani dutse aka faso ta. Abin da na gani a Laminga shi ne dajin ya tsira ne domin masu ƙasar suna cikin maganar tun farko, kuma 'ya'yansu na cikin masu aiki a wurin, wasunsu sun san kukan tsuntsayen nan fiye da masu digiri. A ganina, ko da an kewaye wurin da waya an sa mai gadi da bindiga, in mutanen gari ba su yarda ba da tuni an ƙone shi a murhu.

A hanyar dawowa Kawu ya tuna mana wani abu da ni ban lura ba. Ya ce, "Yaushe rabonku da ganin ungulu?" A zamaninsu, in ji shi, mahauta a Abatuwa sai sun kore su kafin su yi fiɗa. Yanzu sai ka yi wata da watanni ba ka ga ko ɗaya a sararin Jos ba. Gaskiyarsa ne. Tun 2015 aka sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Ana kashe ta da guba, ana kai kanta da ƙafafunta kasuwar masu magani, ga manyan itatuwan da take sheƙa a kai an sare. Gauraka ma, da ake ce mata tsuntsuwar ƙasa, yaran yanzu sai dai a hoto. Babu wanda ya ga ranar da suka tafi, domin babu mai ƙirga su.

Ƙirgar nan kuwa yanzu kowa na iya sa hannu. Tun 2015 cibiyar ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, akwai ma ayarin 'yan Arewa a ciki da ake kira Arewa Atlas Team, matasa ne irinmu masu yawo gari-gari. Manhajar BirdLasser suke amfani da ita a waya: ka ga hankaka, ko hasbiya, ko shamuwa in damina ta kawo kai, ka danna, ta rubuta wurin da ranar. Ba sai kana da digiri ba. Auta ya sauke ta tun muna mota, ya fara da balbelun da ke bin shanu a Lamingo.

Masu son zuwa, ku tuntuɓi cibiyar kafin ku kama hanya, wurin karatu ne ba wurin shaƙatawa ba. Ku fita da asuba, ku sa rigar sanyi mai kauri da takalmin hawa dutse, ku bar lasifika a gida. Daga Oktoba zuwa Maris ne za ku tarar da baƙin Turai. In Allah ya kai mu hutu na gaba Wase nake so mu je, mu ga dutsen da aka sani da sheƙar kwasakwasa, Kawu ma ya ce shi zai tuƙa. Wanda ya san inda ungulu ke kwana har yanzu a cikin Jos ko Bukuru, ya rubuto min sunan unguwar a ƙasa. Sai mun haɗu, a gaida gida.