Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke iya tsayawa takarar shugaban ƙasa?

Masu saurarenmu a Tawa da kewaye, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan magana ɗaya, kuma muna tare da lauya a ɗakin shirin. Tun farko mu faɗa: kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010 an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, saboda haka abin da za mu bayyana shi ne dokar da aka yi zaɓen ƙarshe da ita.

Wani ɗalibi daga Keita yana tambayar shekarun ɗan takara. Ɗana, aƙalla shekara 35 ne a ranar ajiye takardu; ka fara gama karatunka tukuna, kujerar tana nan. Wata Hajiya daga Madawa ta ce, mace fa? Hajiya, doka ta ce namiji ko mace, kuma Mariama Bayard Gamatié ta tsaya a 2011.

Sai tambayar da ta zo mana daga Illela, Buza da Konni, kusan da kalmomi iri ɗaya: yaron da aka haifa a Abijan ko a Libiya, wajen da mahaifinsa ya tafi biɗa, yana iya zama shugaban Nijar? Malam lauya, bismillah.

"To, wannan magana ta zama ɗan ƙasa na asali ta tayar da ƙura ƙwarai a 2020, lokacin da ƴan hamayya suka yi ja da takarar Mohamed Bazoum. Kotun tsarin mulki ce ke tantancewa a lokacin, kuma a wancan karon mutum 41 suka ajiye takardu, ta amince da 30. Hama Amadou ma bai wuce ba, saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da ke kansa. Akwai kuma binciken likita, da kuɗin ajiya miliyan 25 na sefa."

Malam, mun gode, amma bari in komo da mu kan yaron Abijan. Abin da doka ke dubawa jini ne: idan uwa ko uba ɗan Nijar ne, ɗan da suka haifa ɗan ƙasa ne na asali, ko a ina aka yanke masa cibiya. In maimaita, haihuwa a waje ba ta hana shi takara. Wanda ba ya iya tsayawa shi ne baƙon da ya nemi zama ɗan ƙasa aka ba shi daga baya. Sai dai kotu takarda take karantawa, kuma a nan nake da ƙorafi da ku iyaye. Na sha ganin saurayi mai gemu tsaye bakin kotu da shaidu biyu, yana neman takardar haihuwar da ya kamata a yi masa tun ranar suna. Wannan sakaci yana damuna matuƙa, domin ba takara kawai yake toshewa ba, har jarrabawa da katin zaɓe.

Lokaci ya ƙure, ga wasiƙa ta ƙarshe daga Abalak game da zagaye na biyu. Alhaji, idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, biyun da ke kan gaba su ke sake karawa, kamar yadda Bazoum da Mahamane Ousmane suka yi ranar 21 ga Fabrairu 2021. A ƙarƙashin waccan doka, hukumar zaɓe ta CENI ke ba da sakamakon wucin gadi, kotun tsarin mulki ta tabbatar, wa'adi kuma shekara 5 ne, ana sabunta shi sau ɗaya tak. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.